Ozon a madadin jabel: yadda ta kaya a wata ƙaramar masana'antar takarda a Maraɗi

Babu masana'antar da ke dafa itace ta mai da shi takarda a Nijar. Kayen da yaro ke tafiya da shi lakkol da bandir ɗin da ake sa wa injin bugawa a ofis duk daga waje suke shigowa, wasu ta tashoshin jiragen ruwan ƙasashen bakin teku, wasu daga Kano su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa. Najeriya ma da ta gina manya guda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, kafin shekarar 2000 duk sun durƙushe. Abin da muke da shi a yalwace shi ne takardar da ta gama aiki: tsofaffin kaye, takardun jarrabawa, ragowar yankan maɗaba'a, kwalayen taliya da na sabulu da ke jibge bayan kasuwa. Kaɗan a naɗe ƙosai da tsire, saura a cinna musu wuta.

A kan wannan shara ne wani Alhaji, wanda ya daɗe yana sayen kwali da tsofaffin ƙarafa, ya kafa ƴar masana'anta a gefen gari, daidai inda tudu ya fara gangarawa fadama. Aikin ba shi da wuyar ganewa. A jiƙa takarda a tankin siminti ta kwana, a zuba ta a injin da zai kaɗa ta har ta zama ƙullu, a ɗebo a rariya mai siffar abin da ake so, a matse, a shanya. Kafin komai ya shiga ruwa, mata biyu ne ke zaune a tabarma suna tsince duk shafin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, kuma wannan ƙa'ida ba a taɓa sassauta ta ba. Da farantin ƙwai na kwali aka fara, masu kiwon kaji suna saye, ba wanda ya taɓa tambayar launinsa.

Maganar fari ta taso ne ranar da wani mai maɗaba'a ya ce wa Alhaji in zai iya fitar da kati mai kauri, fari tas, na gayyatar ɗaurin aure da suna da bangon fayil, zai riƙa ɗauka duk wata. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, kuma ɗan ƙanen Alhaji, wanda ke kula da injuna, tsohon ɗalibina ne. Ta hannunsa na shiga maganar, bayan jabel ta riga ta yi ɓarnarta.

Abin da jabel ta yi

Jabel, ruwan wankin nan mai ɗauke da sinadarin kulorin, kowa ya san ta. Da ita ake wanke ɗakin likita, ita ake ɗiga wa ruwan sha lokacin amai da gudawa, kuma rayukan da ta ceta a garin nan ba su ƙirguwa. Ina faɗin haka tun yanzu don kada wani ya karanta wannan rubutu ya daina sa ta a ruwan sha. Ɗigo kaɗan a cikin ruwa mai tsabta daban, jarka guda a cikin tankin ƙullun takarda daban.

Ƙullun takarda abu biyu ne a haɗe. Akwai zaren da ke ba takarda ƙarfi, wanda ake kira salulos, shi fari ne tun asali. Akwai kuma liginin, wani danƙo mai ruwan ƙasa da ke manne zarurrukan itace da juna, shi ne ke sa jarida ta koma rawaya in ta sha rana. Takardar kaye da ta ofis an riga an cire mata kusan duk liginin tun a masana'antar da ta yi ta. Kwali da jarida kuwa cike suke da shi. Ma'aikatan Alhaji ba su san da wannan bambanci ba, duk tare suke zubawa. Sai jabel ta ƙare ƙarfinta a kan danƙon kwali, ƙullun ya ɗan yi haske, a shanya, bayan ƴan kwanaki ya koma rawaya. Da suka ga haka sai suka ƙara jabel. Ita kuma ba ta zaɓe, in ta yi yawa zaren ma cinye shi take. Na riƙe katin lokacin a hannuna: ninki ɗaya, sai bakin ninkin ya tsage, gari ya zubo a yatsa. Ga kuma ɗige-ɗigen baƙi ko'ina a jikinsa, domin tawadar injin kwafi da ta maɗaba'a baƙin gawayi ce, ta kwafi ma har da roba a ciki, babu sinadarin da zai mai da ita fara. Fitar da ita ake yi.

Da a nan abin ya tsaya, da asarar kuɗi ce kawai. Amma ruwan tankin wata ƴar magudana yake bi ya gangara ƙasa, ƙasan kuwa lambuna ne. Tun bayan ambaliyar 1945, da gari ya taso daga kwari ya hau tudu, haka Maraɗi take: mutane a sama, abincinsu a ƙasa, duk abin da aka zubar a sama gulbi yake nema. Wani dattijo mai lambun zogala da salati ya hawo da sanda da kansa.

"Alhaji, ruwanka ya fara cin lambuna."

"Baba, ai ruwan wanki ne kawai."

"Ruwan wanki ba ya bar wa ƙasa farin gishiri. Zo ka gani."

Alhaji ya bi shi, ya kuma gani: ƙasar bakin magudanar ta yi ɓawo fari, irin salatin da ke kusa ya ƙone daga gefe. Gishirin sodiyom ne da jabel ke bari, wanda ke daskarar da ƙasa ya hana saiwa shan ruwa. Wannan shi ido ke gani. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani. In kulorin ya haɗu da liginin, wasu sinadarai ne ke fitowa masu ɗauke da kulorin a jikinsu, kuma jabel an san ta da haifar da ɗaya daga cikinsu, kulorofom, a irin wannan aiki. Ƙasarmu rairayi ce, rijiyoyin fadama ba su da zurfi, masu lambu kuma a nan suke sha in ƙishirwa ta kama su. Mutumin wannan yanki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan ruwan da ke fari a ido alhali yana cutarwa. Yaran Tibiri da ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa wa ƙasusuwa, daga tsakiyar shekarun 1980 har ƙarshen na 1990, yau magidanta ne a tsakaninmu.

Inda dabarar ozon ta fito

Ɗan ƙanen Alhaji ne ya kawo maganar ozon, wata iska dangin oksijin da ke cin launi, kuma ba daga iska ya ɗauko ta ba. Kulorin, wanda Scheele ya gano a Suwidin a 1774, ya yi mulkin sana'ar takarda kusan shekara ɗari biyu, da farko a matsayin jabel da hoda, daga baya a matsayin iskar kulorin tsantsa. A shekarun 1980 aka fara ganin kifi na lalacewa a gaɓar tekun Suwidin kusa da masana'antun takarda, a Amurka kuma aka samu dayokzin a jikin kifin kogunan da ke ƙasa da su. Dayokzin guba ce da ba ta ruɓewa da wuri, tana taruwa a kitsen dabba da na mutum. Masu saye a Turai, musamman a Jamus, suka tada ƙayar baya. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijar ke cikinta, ta sa wanke ƙullun takarda da iskar kulorin a jerin hanyoyin da dayokzin ke fitowa.

Masana'antu suka rabu hanya biyu. Mafi yawansu suka koma wani ɗan uwan kulorin mai suna kulorin dayokzaid, wanda ba ya haifar da dayokzin yadda iskar kulorin ke yi, kuma har yau shi ne ke wanke mafi yawan farar takardar duniya. Kaɗan suka bar dangin kulorin gaba ɗaya, suka koma oksijin da ozon da ruwan oksijene, irin wanda ake wanke ciwo da shi. A 1992 kamfanin Union Camp ya fara amfani da ozon a babbar masana'antarsa ta Franklin a jihar Virginia, a daidai wannan lokaci kuma Lenzing a Ostiriya da Mönsterås a Suwidin suka shiga.

Oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a haɗe. Ozon uku ne, ta ukun kuma ba ta da zama, duk abin da ta taɓa sai ta ƙone shi, saura su koma oksijin. Shi ya sa ba ya barin gishiri ko kulorin a ruwa. Shi ya sa kuma ba a iya zuba shi a jarka a kawo daga Kano, don cikin ruwa ko awa ɗaya ba ya yi ya watse. A wurin aiki ake yin sa, ana bi da iska ta tsakanin faranti biyu masu ƙarfin lantarki, dabarar da Siemens ya fito da ita tun 1857. Birnin Nice na Faransa ya fara tsabtace ruwan sha da shi a 1906, yau kuma wasu masu fiya wata suna da ƙananan injunansa. Irin wannan inji yaron ya sayo wa Alhaji daga hannun masu sayar da kayan fiya wata.

Gwajin farko

Ya jona tiyo, ya tura bakinsa ƙasan tanki, ya kunna. Kumfa ta riƙa tasowa daga safe har la'asar. Ƙullun bai canza ba, amma duk wanda ke rumfar ya koma gida da ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi injin ba ya cika rabin shafi. Manyan masana'antu na sa ozon kimanin kilo 5 a kan tan ɗaya na busasshen ƙullu, da wuya su kai kilo 10, don in ya wuce haka zaren yake ci. Giram 5 ke nan a kan kowane kilo. A ce tanki ya ɗauki kilo 50 na busasshiyar takarda, giram 250 ake nema. A jikin injin an rubuta giram 10 a awa. Awa 25 ke nan ba ɗaukewa, in har duk ozon ɗin ya shiga ƙullu. Ba ya shiga. Ozon ba ya narkewa sosai a ruwa, kumfar tasowa take ta fashe a sama, ta shiga huhun mai juyawa. Ga shi kuma adadin da ake rubutawa a jikin irin waɗannan injuna galibi na oksijin tsantsa ne a wuri mai sanyi. In iskar gari aka ba shi, abin da zai fitar bai kusa da haka ba.

Maganar huhu ba ta wasa ba ce. Dokar wuraren aiki ta Amurka ta tsayar da iyaka a kashi ɗaya cikin miliyan goma na iska ga mai aikin awa 8. Hanci na jin warinsa tun bai kai haka ba, wari mai kaifi irin na tartsatsin waya, amma in an jima a ciki hancin sabawa yake, mutum ya ɗauka ya tafi alhali yana nan.

Haɗarin da ya fi girma bai fito daga ozon ba, daga haɗuwar tsohuwar hanya da sabuwa ya fito. Ozon ya fi aiki a ƙullu mai tsami, wajen 2 zuwa 3 a ma'aunin pH, don tsami na hana shi watsewa, yana kuma wanke tsatsar ƙarfe da ke sa shi juyawa kan zare. Sai aka sayo ruwan batir, sabo, ba na tsohon batir mai darma ba, aka sirka. Wani matashi cikin ma'aikata ya zuba shi a tankin da ke da ragowar jabel ta jiya a ƙasansa. Nan take wani hayaƙi kore-kore ya taso. Iskar kulorin ce tsantsa, wadda duk wahalar nan don guje mata ake. Allah ya sa rumfar a buɗe take kuma akwai iska ranar. An kai matashin likita yana tari har da hawaye, ya samu sauƙi. Washegari Alhaji ya sa aka kwashe duk jarkokin jabel daga wurin, ya ce ko ta wankin bayi kada ya sake gani a harabar. A ganina, cikin duk abin da aka yi a masana'antar nan ba wanda ya kai wannan muhimmanci.

Ƙananan abubuwa ma sun yi ta fitowa. Tiyon baƙar roba ya tsattsage ya riƙa yoyo, don ozon cin roba yake. Ƙusoshin da ke kusa suka yi tsatsa. Tsohuwar takardar ofis kuma, da aka zuba mata tsami, sai ta hau tafasa tana kumfa tana shanye shi, saboda akwai alli a cikinta da masu yin ta ke sawa don ta yi santsi.

Zafi, laima da kuran

Injin ozon yana mai da mafi yawan wutar da ya sha zafi ne, wajen kashi 9 cikin 10, zafi kuma rusa ozon yake tun a cikin injin. Shi ya sa manyan masana'antu ke zagaya shi da ruwan sanyi. A Maraɗi, a watan Afrilu da Mayu, inuwa kanta wuce digiri 40 take. Da rana tsaka injin ƙara kawai yake yi, ba aiki. In damina ta faɗi sai wata matsalar: iska mai laima in ta bi ta cikin tartsatsin, wani ruwan tsami mai cin ƙarfe take haifarwa, ya lalata cikin injin. Hunturu ne lokacinsa, iska busasshiya ga sanyin asuba, amma sai an tare ƙura da matata ana wanke ta kullum. Maganin laima da ƙura duka shi ne a ba shi oksijin daga injin tace oksijin, irin wanda ake sa wa maras lafiya, mai fitar da sama da kashi 90 cikin 100. Alhaji ya saya, ko da yake ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da ganin irin wannan inji a rumfar kwali ba, a garin da ake nemansa a gadon asibiti.

Kuɗin wutar kansa ba shi ne abin tsoro ba. Babban inji mai aiki da oksijin na cin kimanin kilowat-awa 10 a kan kilo ɗaya na ozon, ƙarami ya ninka haka ko ya fi, amma a giram 250 duk ba wani abu ba ne. Tsayuwar wutar ce magana. Yankinmu da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa yake rayuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka yi da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023, ba a maido ba sai Maris na 2024. Wutar gurup, wato janareta, na hawa da sauka, injin ozon kuma ba ya son haka. Hasken rana na ba da wuta a daidai lokacin da zafi ya hana injin aiki. In ana son aikin asuba sai an sayi batura, kuɗinsu kuma ya fi na injin.

Abin da ya yi aiki

Gyaran ya fara ne daga tabarmar matan nan biyu. Aka ƙara musu aiki da lada: kwali da jarida gefe guda, su tafi farantin ƙwai ba tare da wani sinadari ba, farar takarda gefe guda. Farar kuma, bayan an kaɗa ta, sai a sa ɗan sabulu a hura iska ta ƙasa. Kumfa mai launin toka ta taso ɗauke da tawada, a kwashe ta da ƙwarya a zubar a rami, a maimaita har kumfar ta yi haske. Ba a sa ko ɗigon sinadarin wankewa ba, amma ƙullun ya fi na zamanin jabel kyan gani.

Sai ruwan oksijene, wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Na kantin magani kashi 3 cikin 100 ne, na masana'antu ya kai 35 ko 50, kuma wannan in ya taɓa fata ƙonewa take, in ya shiga ido sai dai Allah ya kiyaye. Ana haɗa shi da ɗan soda da silikat, duka biyun matan da ke yin sabulu sun san inda ake sayar da su. In ya gama aiki ruwa da oksijin yake komawa. Abin da ya fi burge ni da shi, zafi yake so, wajen digiri 60 zuwa 80. Baƙar tono a rufe a tsakar rana ta bazara tana kai ƙullu zafin da hannu ba ya jurewa, ba itace ba gawayi. Ranar da ke kashe ozon ita ke taimakon wannan. Duk wanda zai kwaso dabara daga Suwidin ya kawo nan, ya fara tambayar ko zafi take so ko sanyi.

Ozon bai tafi ba, an dai canza masa wurin zama. Manyan masana'antu irin ta Franklin ba kumfa suke hurawa a tanki ba. Matse ƙullun suke har ya zama kusan kashi ɗaya zare kashi biyu ruwa, su wargaza shi, iskar ta ratsa shi kai tsaye. Yaron ya kwaikwayi wannan da abin da ke hannunsa. A matse ƙullu a buhu, a murje shi a rariya har ya yi warawara kamar dambu, a zuba kaɗan a tonon roba mai murfi da aka ɗora a kan sanda tana juyawa, a waje, bayan sallar asuba. Bututun fitar ragowar iskar ya wuce saman rufi, ba a buɗe murfi sai an kashe inji an jira. Na tsaya na ga an buɗe: ƙullun da ya shiga da shuɗin biro da jan layin kaye da ruwan hodar takardun rasit ya fito duk launin ya tafi. Rini ozon ke ci, kuma a nan ba ya buƙatar tsami mai yawa. Sai dai yana kashe wani abu da masu takarda ke sawa don ta riƙa ƙyalli da shuɗi-shuɗi, saboda haka katin ya fito da launin madara, ba farin da mai maɗaba'a ya saba ba. Ya juya shi, ya ninka, ya sake ninkawa bai tsage ba, ya ce na bangon fayil ya yi, na ɗaurin aure kuwa mutane farin shago suke so. Haka aka rabu, kuma har yau bangon fayil kawai yake ɗauka.

Mai sayen da ba a zata ba wani malamin allo ne da ke rubuta Alƙur'ani da hannu. Ya ga katin a shagon mai maɗaba'a, ya biyo sawu. Shi launin ne ma ya ja shi, ya ce farin takardar zamani na gajiyar da ido in an daɗe ana karatu. Ba mamaki, don littattafan kakanninmu a kan takarda mai wannan launi aka rubuta su, wadda ake kawowa daga Italiya ta Tarabulus a ƙetaro Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Amma ya kafa sharaɗi: ba zai ɗora aya a kan abin da aka tsinto daga shara ba, sai dai zare sabo. Daga nan aka shiga dafa ɓawon rama, mai dogon zare, ana haɗawa da karan gero da aka fitar wa totuwa. Wannan ƙullun shi ne ainihin wurin ozon, don akwai liginin da za a cire: a dafa da soda, a wanke, a sa tsami, a ba shi ozon kaɗan, a ƙarasa da ruwan oksijene. A ƙarshe a wanke tsamin sarai a sa ɗan alli, don takardar da aka bar wa tsami a jiki da kanta take ruɓewa bayan shekaru, a kuma shafa sitaci don kada yambari ya nashe. Kaɗan ake yi, hunturu kawai, kuma kara ba kyauta ba ne a garin da ake zana da shi dabbobi kuma na jira.

Baƙin ruwa

Ruwan da ke fita daga wanki yanzu ba ya gangarawa lambu. Na tsami da na soda ana haɗa su a rami guda su kashe juna, a bar laka ta kwanta, a maida ruwan tankin farantin ƙwai. Har yanzu akwai gishiri a cikinsa, shi ya sa ba a ba wa shuka. Dattijon ya kankare ɓawon ƙasar bakin magudana, ya zuba taki, ya sake shuka.

Sai dai dafa rama da kara ya kawo abin da ya fi jabel nauyi. Ruwan da ke fita daga tukunyar soda baƙi ne wuluk, mai kauri, ɗauke da kusan rabin nauyin karan da aka dafa da duk sodar da aka zuba. Manyan masana'antu ƙafar da shi suke su ƙone, su samu wuta su kuma maido sodarsu, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa suke son ozon shi ne ruwan wankinsa na iya bin wannan hanya, na kulorin kuwa cinye musu tukunyar ƙarfe yake. Ƙaramar masana'anta ba ta da wannan tukunya. A kan irin wannan ruwa ne gwamnatin Sin ta ba da umarni a 1996 a rufe ƙananan masana'antun takarda da ba su kai tan 5,000 a shekara ba, bayan masu dafa karan alkama sun baƙanta koguna. Mutum zai iya yin alfahari da cewa takardarsa ba kulorin, alhali abin da ke fita ta bayan gidansa ya fi kulorin kashe lambu.

A wurin Alhaji an gina wani faffaɗan kwano na siminti, marar zurfi, ana zuba baƙin ruwan rana ta ƙafar da shi, a kankare busasshen a tara a buhu. Ana iya ƙona shi a samu toka mai soda a sake dafawa da ita, yaron ya fara gwadawa a tsohuwar tono. Kwanon ɗaya ne, ba shi da rufi, kuma ruwan sama guda mai ƙarfi ya isa ya cika shi ya tumbatsa zuwa gangare. Don haka daga watan Mayu ake daina dafawa, a tabbatar ya bushe an share kafin hadarin farko.

A kan wannan ne ba su daidaita ba har yanzu. Yaron na son a sayi babban injin ozon mai sanyaya kansa da ruwa, ya ce, "Baba, in muka samu wannan, katin ɗaurin auren ma za mu karɓe." Alhaji bai ce a'a ba, bai ce to ba, sai ya juyo ya ce, "Malam, kai me ka gani?" Na ce kuɗin su tafi kwano na biyu da rufin kwano da za a iya ja a kansa, da abin auna ozon a iska don kada a ci gaba da dogaro da hanci, injin ya jira. Babban inji zai ƙara yawan ramar da ake dafawa, baƙin ruwa ya ƙaru, kuma kwanon da ke akwai da ƙyar yake ɗaukar na yanzu. Alhaji ya sa magini ya zo ya auna filin da ke bayan rumfa, yaron kuma bai fasa tambayar farashin inji a Kano ba.